Shugaban da Ba a Faɗa Masa Ba

A shekarar 1928 ƙasar Fotugal ta rasa inda za ta sa kanta. Daga 1910, lokacin da aka kori sarki aka kafa jamhuriya, zuwa 1926, an yi gwamnati fiye da arba'in. Kafin mutane su haddace sunan minista an sauke shi. Ranar 28 ga Mayun 1926 sojoji suka karɓe mulki da alkawarin gyara, amma da suka buɗe littattafan baitulmali sai suka ga abin ya fi ƙarfin bindiga. Bashi ya kai iya wuya, darajar kuɗin ƙasa ta zube, ma'aikata na ta guna-guni. Ana cikin haka aka tuna da wani malamin jami'a a garin Coimbra, mai koyar da tattalin arziki, António de Oliveira Salazar.

Duk wanda ya san shi ya shaide shi. Ɗan talakawa ne daga ƙauyen Vimieiro, an haife shi a 1889. Ya yi shekara takwas a makarantar horar da limaman coci a Viseu kafin ya koma karatun shari'a. Ba mata, ba 'ya'ya, ba ya zuwa biki, ba ya ɗaga murya, kuma ba a taɓa jin kwabon wani ya maƙale a hannunsa ba. Da aka roƙe shi ya riƙe ma'aikatar kuɗi sai ya gindaya sharaɗi: babu ma'aikatar da za ta kashe sisi sai da sa hannunsa. Aka amince. Kafin shekara ta zagayo ya rufe giɓin kasafin kuɗi, har da rara. Jama'a suka yi ajiyar zuciya, suka ce yau dai an sami mai gaskiya.

A 1932 ya zama firaminista. A 1933 ya kawo sabon tsarin mulki mai suna Estado Novo, aka kai shi ƙuri'ar raba gardama. Dokar ƙuri'ar ta zo wa jama'a da sauƙi: duk wanda sunansa ke cikin rajista bai fito ba, an ƙidaya shi cikin waɗanda suka amince. Tsarin mulkin ya sami gagarumin rinjaye. Malam ya zauna a kujerar shekara talatin da shida.

Adalci ne a faɗa, mulki bai canza masa tufa ba. Gidan gwamnati na São Bento a Lisbon wata 'yar ƙauye ce ke riƙe da shi, Dona Maria, wadda take yi masa hidima tun yana Coimbra, kuma a bayan gidan kaji take kiwo. Baƙi su zo daga ƙasashen waje su tarar da shugaban gwamnati da tsohon takalmi, da bargo a kan gwiwa saboda sanyi, su koma gida suna mamaki. A wani jawabi da ya yi a 1949 ya gode wa Ubangiji da ya yi masa baiwar talauci. Ba ƙarya ya yi ba. Ranar da ya mutu ba a tarar da wata dukiya ta a zo a gani da sunansa ba.

Sai dai a ƙarƙashin wannan talaka ne gidaje ƙalilan suka mallake ƙasar. Akwai dokar da ta ce ba mai buɗe masana'anta ko faɗaɗa ta sai da iznin gwamnati, kuma kafin a ba da iznin ana jin ta bakin waɗanda suka riga suka kafu a harkar. Ba a cika samun mai siminti ya ce ƙasa na bukatar wani mai simintin ba. Ta haka siminti da ƙarfe suka koma hannun António Champalimaud. Takin zamani da sabulu da taba da jiragen ruwa suka zama na kamfanin CUF na gidan Mello. A harkar banki kuwa gidan Espírito Santo na sahun gaba. Yajin aiki laifi ne, ƙungiyoyin ƙwadago na gwamnati ne, albashi kuma yana ƙasa warwas. In talaka ya koka, sai a nuna masa takalmin shugaba.

Ba a kuma so talakan ya wahalar da kansa da karatu ba. A 1930 aka rage karatun dole zuwa shekara uku. Sai a 1956 aka mayar da shi huɗu ga yara maza, 'yan mata kuwa sai da suka jira 1960. A ƙidayar wannan shekarar mutum ɗaya cikin uku bai iya karatu da rubutu ba, kuma cikin kowane jariri dubu da aka haifa, fiye da 77 ba sa cika shekara a duniya. A daidai lokacin zinariya na ta taruwa a babban banki, har ta haura tan 800 kafin tsarin ya rushe. Abin ya yi kama da maigidan da ya cika rumbu ya kulle, ya rataya makulli a wuya, yara na kwana da yunwa, maƙwabta na yabon iya tattalinsa. A ƙananan al'amura kuwa gwamnati ba ta da kasala ko kaɗan: mai son riƙe laitar kunna taba sai ya yanki lasisi, don kada masana'antar ashana ta yi asara, an hana sayar da Coca-Cola, matar aure ba ta fita ƙasar sai da iznin miji a rubuce.

Samari suka kama hanya. Tsakanin 1960 da 1974 mutum fiye da miliyan ɗaya suka bar ƙasar da mutanenta ba su cika miliyan tara ba. Da yawansu ta ɓarauniyar hanya suka bi, su biya 'yan rakiya, su ratsa Sifaniya da duwatsun Pyrenees da ƙafa, su ƙare a gidajen kwano na Champigny a gefen Paris suna leburancin gini. Gwamnati tana hukunta mai fita ba izni, tana kuma karɓar kuɗin ƙetaren da ya aiko gida hannu bibbiyu.

To yaya aka yi al'umma ta haƙura da wannan har shekara arba'in? 'Yan Fotugal da kansu suka ba da amsa daga baya. Suka ce da abu uku aka lallashe su: fado, da ƙwallo, da Fátima.

Fado waƙar tsofaffin unguwannin talakawan Lisbon ce, Alfama da Mouraria, waƙar matuƙa jiragen ruwa da 'yan dako da mata masu zaman kansu. Mawaƙi ɗaya, jita mai tsirkiya goma sha biyu, ɗaki kuma ya yi tsit. A farkon ƙarni na ashirin leburori suna zuba kukansu a cikinta: tsadar burodi, zaluncin mai masana'anta, haƙƙin ma'aikaci. A 1927, tun kafin zuwan Salazar, aka yi dokar da ta ce ba mai waƙa a gaban jama'a sai da katin sana'a, kuma sai ya kai baitocinsa an duba an buga hatimi. Salazar ya gaji dokar, ya riƙe ta da kyau. Ba a hana kowa kuka ba. A yi kukan masoyin da ya tafi, a yi kukan uwa, a yi kukan ƙaddara har gari ya waye. Abin da aka hana shi ne a ce wani ne ya jawo. Malam kansa ba ma'abocin fado ba ne, yana ganin tana kashe zuciya, amma gidan rediyon gwamnati ya gane amfaninta.

A cikin wannan zamani Amália Rodrigues ta taso. An haife ta a 1920, ta yi tallar 'ya'yan itace a bakin tashar jiragen ruwa tana yarinya, kuma murya ce irin wadda ƙasa ke samu sau ɗaya a ƙarni. Ta kai fado har dandalin Olympia na Paris a 1956, ta kai ta Amurka da Birazil. Wata waƙarta ta 1953, Uma Casa Portuguesa, yabo ce ga gidan talaka mai wadatar zuci, wanda ba shi da komai kuma ba ya neman komai. Da ma'aikatar yaɗa labarai ce ta zauna ta tsara, da ba ta fi haka ba. Amma wannan bakin ne dai ya rera Abandono a 1962, waƙar wadda aka raba da masoyinta aka kulle shi nesa, inda ba a jin komai sai teku. Kowa ya gane kurkukun Peniche ake nufi, inda ake tsare fursunonin siyasa, sai aka hana waƙar. Wanda ya tsara kiɗanta, Alain Oulman, 'yan sandan ciki suka kama shi a 1966, daga baya aka kore shi zuwa Faransa. Ita Amália ba a taɓa ta ba. Ta yi girman da kama ta zai zama abin kunya, an kuma fi bukatarta a liyafar manyan baƙi.

Ƙwallo ma ba ta dami Malam ba, amma a zamaninsa aka gina babban filin wasa na ƙasa a Jamor, aka buɗe shi a 1944, duniya na tsakiyar yaƙi. Ribar ta zo ne a shekarun 1960, lokacin da aka fi bukatarta. A 1961 yaƙin neman 'yanci ya ɓarke a Angola, a ƙarshen shekarar Indiya ta ƙwace Goa. Gini Bisau ta ɗauka a 1963, Mozambik a 1964. Majalisar Ɗinkin Duniya ta matsa lamba a saki ƙasashen mallaka, Salazar ya ce Fotugal ba ta da ƙasar mallaka, larduna gare ta a ƙetaren teku. Tun 1951 aka canza musu suna a takarda. Shi kuwa ko sau ɗaya bai taɓa taka ƙafarsa a ɗaya daga cikin lardunan ba.

A daidai wannan gaɓar Allah ya kawo musu Eusébio da Silva Ferreira, ɗan unguwar Mafalala ta baƙar fata a Lourenço Marques, birnin Mozambik da yau ake kira Maputo. Ya sauka Lisbon a Disambar 1960 yana ɗan shekara goma sha takwas, kulob ɗin Benfica ya ɓoye shi a garin Lagos na kudancin Fotugal don kada abokiyar hamayyarta Sporting ta sace shi. A 1961 Benfica ta ci kofin zakarun Turai a hannun Barcelona. A 1962 ta sake ɗauka, ta lallasa Real Madrid 5 da 3 a Amsterdam, yaron ya jefa biyu. A 1965 aka zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Turai. Sai gasar kofin duniya ta 1966 a Ingila. Ranar 23 ga Yuli, a filin Goodison Park na Liverpool, kafin a cika minti ashirin da biyar Koriya ta Arewa ta zura wa Fotugal uku da nema. Eusébio ya rama huɗu shi kaɗai, aka tashi 5 da 3. Wanda ya ga hoton wasan ba zai manta yadda yake shiga raga ya ɗauko ƙwallon da gudu ya kai ta tsakiya ba, ko murna ba ya tsayawa yi. Fotugal ta zo ta uku, shi kuma ya fi kowa cin ƙwallo a gasar, guda tara.

A wannan tawaga 'yan wasa huɗu haifaffun Mozambik ne, har da kyaftin, Mário Coluna. Gwamnati ta ɗaga hotonsu ta nuna wa duniya: ga baƙi ga farare ƙarƙashin tuta ɗaya, ina wariyar? Ba ta nuna hoton gonakin audugar da aka yi shekaru ana tilasta wa dangin waɗannan yaran nomawa ba, ko dokar da har 1961 take ware kusan duk baƙar fata daga zama cikakken ɗan ƙasa. Ranar da ake ihu a Goodison Park, sojojin Fotugal na fafatawa da 'yan Mozambik a dazukan arewacin ƙasar. Yaƙin na cinye kusan kashi 40 cikin ɗari na kasafin kuɗi, ana kwasar 'ya'yan talakawa a jirgin ruwa, wasu su dawo a akwati, fiye da 8,000 kafin a gama. Amma ran Lahadi akwai wasa. Eusébio ya sha faɗa da bakinsa cewa da kulob ɗin Juventus na Italiya ya neme shi da kuɗi masu tsoka, Salazar ne ya hana, ya ce shi dukiyar ƙasa ne. Dukiyar ƙasa dai ba a tambayarta abin da take so.

Fátima kuwa ƙauye ne da a 1917 wasu yara uku makiyaya suka ce sun ga Maryamu, ya zama wurin ziyarar mabiya ɗariƙar Katolika. Ibadar talaka ba abin zargi ba ce. Uwar da ta ja gwiwa a filin Fátima tana roƙon ɗanta ya dawo daga Angola da rai, ba siyasa ta je yi ba. Siyasar tana sama. Shugaban cocin Lisbon daga 1929 zuwa 1971, Kadinal Cerejeira, gida ɗaya suka zauna da Salazar a Coimbra. A 1940 aka ƙulla yarjejeniya da fadar Fafaroma, coci ya sami gata da sassaucin haraji. A bangon kowane aji ana rataye gicciye, hoton shugaban ƙasa a gefe ɗaya, na Salazar a ɗayan. Daga mumbari kuma wa'azi ɗaya ne, haƙuri da biyayya ga na gaba. An sami malamin da ya fita daga sahu: bishop ɗin Porto, António Ferreira Gomes, ya rubuta wa Salazar wasiƙa a 1958 yana maganar yunwar manoma da haƙƙin ma'aikata. A 1959 ya fita ƙasar, aka rufe masa ƙofar dawowa shekara goma. 'Yan uwansa malamai suka ci gaba da harkokinsu.

Wanda waƙa ba ta kwantar masa da rai ba, ƙwallo ba ta ɗauke masa hankali ba, wa'azi kuma bai ratsa shi ba, akwai PIDE, 'yan sandan ciki. Suna da masu kai musu rahoto a gidan shayi, a masana'anta, a jami'a, har mutum ya koyi waiwayawa kafin ya yi magana. Gwanintarsu hana barci: a tsayar da mutum kwana da kwanaki har ya fara ganin abin da babu. Masu taurin kai a kai su sansanin Tarrafal a tsibiran Cape Verde, wanda aka buɗe a 1936, inda fursunoni 'yan Fotugal 32 suka mutu. Jaridu kuma kullum sai sun bi ta ƙarƙashin shuɗin fensirin masu tace labarai.

Zaɓe dai ana yi, ba a taɓa fasawa ba. A 1958 wani janar na sojan sama, Humberto Delgado, wanda a cikin tsarin ya girma, ya tsaya takarar shugaban ƙasa. Wani ɗan jarida ya tambaye shi abin da zai yi da Salazar in ya ci, ya ce ai a bayyane yake, sauke shi zai yi. Maganar ta zaga ƙasa, Porto ta cika ta batse ranar da ya je. Da aka bayyana sakamako aka ba shi kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Shekara na zagayowa aka gyara tsarin mulki, aka ɗauke wa jama'a nauyin zaɓen shugaban ƙasa baki ɗaya. A Fabrairun 1965 jami'an PIDE suka yaudari Delgado zuwa kan iyakar Sifaniya, suka kashe shi tare da sakatariyarsa.

A daren 25 ga Nuwamban 1967 aka yi ruwan da ya share unguwannin talakawa na kewayen Lisbon, waɗanda aka gina da kwano da katako a bakin ƙoramu. Jaridu suka shiga ƙidayar gawa, adadi na hawa kullum, sai masu shuɗin fensir suka taka musu birki. Lissafin hukuma ya tsaya a 462. Masu bincike daga baya suka ce mamatan sun kai wajen 700. Ragowar sun mutu ne bayan an rufe littafi.

Ranar 3 ga Agustan 1968 Salazar yana hutu a wata tsohuwar ganuwa ta bakin teku kusa da Estoril. Mai gyara masa ƙafa ya zo yankan farce. Malam ya ɗauki jarida, ya saki jiki zai zauna a wata kujerar tamfol mai naɗewa, kujera ta kife, ƙeyarsa ta bugi daɓe. Shekararsa 79. Ya miƙe ya ce kada a faɗa wa kowa, ba a kuwa faɗa ba. Ya ci gaba da sa hannu a takardu, har garambawul ya yi wa majalisar ministoci a cikin watan. Sai da aka yi wata guda, ciwon kai ya tsananta, sannan aka ɗauke shi da dare zuwa asibitin Cruz Vermelha a Lisbon, aka buɗe kansa aka cire gudan jini. 'Yan ƙasa suka ji a sanarwar likitoci cewa shugaba na samun sauƙi. Ranar 16 ga Satumba jijiya ta fashe a ƙwaƙwalwarsa, ya faɗa doguwar suma.

Manyan ƙasa suka yi cirko-cirko. Shekara arba'in ba wanda ya saba yanke shawara, shi kuma bai taɓa nuna magaji ba. Shugaban ƙasa, Américo Tomás, tsohon hafsan sojan ruwa ne da aka fi sani da yanke ƙyallen buɗe gine-gine. Aka ɗauko ƙwararren likita daga Amurka, likitoci suka ce ba zai sake iya aiki ba, ko da ya rayu. Ranar 27 ga Satumba aka rantsar da Marcelo Caetano, malamin shari'a, a matsayin firaminista. Aka zauna jiran sanarwar mutuwa.

Sai Malam ya farfaɗo.

Ba duka ba. Ɓarin jiki ya shanye, gani ya raunana, hankali na zuwa yana ɗaukewa. A Fabrairun 1969 aka mayar da shi São Bento, gidan firaminista, sabon firaministan kuma bai tare a ciki ba. Saura a faɗa masa an sauke shi. Aka dubi juna. Wasu suka ce labarin zai iya ƙarasa shi, wasu kuwa tun asali ba su taɓa faɗa masa abin da ba ya son ji ba, ba kuma yau za su fara ba. Dona Maria ta riƙe ƙofa, ita ke cewa wane ya shiga, wane ya koma. Ministocinsa na dā da aminai su zo su zauna, ya yi musu bayanin yadda za a tafiyar da ƙasa, su gyaɗa kai, su ce an gama, su fita su shiga motocinsu. Masu rubuta tarihinsa sun rawaito cewa har jarida ake buga masa ta musamman, kwafi ɗaya tak na Diário de Notícias, an cire duk inda aka ambaci sabuwar gwamnati. Ba sabon aiki aka koya wa kowa ba. Mutanen da suka yi shekara arba'in suna tace wa mutum miliyan tara labari, tace wa mutum ɗaya ba zai gagare su ba.

A 1969 wani ɗan jaridar Faransa, Roland Faure na jaridar L'Aurore, ya sami shiga, bisa sharaɗin ba zai tona ba. Ya tambayi Malam ra'ayinsa game da Marcelo Caetano. Malam ya yabi basirarsa, sannan ya nuna takaicin cewa mutumin ya ƙi shiga gwamnati, yana can jami'a yana koyar da shari'a. A lokacin Caetano ya kusa shekara a kan kujerar. Hirar ta fito a Paris, masu tace labarai ba su bari ta fito a Lisbon ba. Akwai masu cewa Malam ya gane, ya dai yi shiru ne yana taya su wasan. In haka ne, abin ya fi ban tausayi. Ya mutu ranar 27 ga Yulin 1970 yana da shekara 81, aka kai shi Vimieiro aka binne kusa da iyayensa.

Caetano ya zo da alkawarin sauyi, ya kuma cika ta wani fannin. PIDE ta koma DGS, da ma'aikatanta da ofisoshinta. Hukumar tace labarai ta sami sabon suna, jam'iyyar gwamnati ma haka. Ya riƙa fitowa a talabijin yana hira da 'yan ƙasa cikin taushin murya. Yaƙi kuwa na nan yadda yake. A Afrilun 1969 shugaban ɗaliban Coimbra, Alberto Martins, ya miƙe a gaban shugaban ƙasa a wani bikin buɗe gini ya nemi iznin magana. A daren aka kama shi. A watan Yuni ƙungiyar ƙwallon ɗaliban, Académica, ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙasa da Benfica. Filin Jamor ya cika da kwalaye da takardun koke. Shugaban ƙasa bai zo ba, talabijin bai nuna ba. Benfica ta ci 2 da 1 a ƙarin lokaci, Eusébio ne ya jefa ta ƙarshe.

Ranar 31 ga Maris ɗin 1974 Caetano ya je kallon wasan Sporting da Benfica a filin Alvalade. Da aka sanar da zuwansa, dubban mutane suka miƙe suna tafi, ya koma gida da tabbacin jama'a na tare da shi. Bayan kwana ashirin da biyar ya bar mulki. Ƙananan hafsoshin da yaƙin shekara goma sha uku ya gajiyar, waɗanda tun farko wata dokar ƙarin girma ce ta haɗa kansu, suka shirya juyin mulki, suka zaɓi waƙa ta zama musu alamar farawa. Da ƙarfe 10:55 na daren 24 ga Afrilu wani gidan rediyo ya sa E Depois do Adeus ta Paulo de Carvalho. Da 12:20 gidan rediyon cocin Katolika, Renascença, ya sa Grândola, Vila Morena ta José Afonso, mawaƙin da PIDE ta sha kamawa. Kyaftin Salgueiro Maia, ɗan shekara 29, ya taso da motocin yaƙi daga Santarém, ya kewaye barikin Carmo inda Caetano ya fake. Aka ce jama'a su zauna a gida, suka ƙi, suka cika tituna suna soka wa sojoji jajayen furanni a bakin bindiga. Mutum huɗu aka kashe a cikin taron, 'yan sandan ciki ne suka harbe su daga hedkwatarsu. Aka kai Caetano tsibirin Madeira, daga can Birazil. Bayan shekara guda cif aka yi zaɓe, fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu rajista suka fito.

Washegarin juyin ba a sami wanda ya taɓa goyon bayan tsohon tsari ba. Masu tafin Alvalade ƙasa ta haɗiye su. Gadar da aka buɗe a 1966 da sunan Salazar ta koma Gadar 25 ga Afrilu. Da aka zo neman wanda za a ɗora wa laifi sai aka ga Amália, aka yi ta jifanta da cewa mawaƙiyar gwamnati ce, fado ta yi shekaru a wulaƙance. Sai bayan mutuwarta a 1999 marubuci José Saramago ya bayyana cewa ta riƙa ba jam'iyyar kwaminis kuɗi a ɓoye tun ana farautar 'ya'yanta. Jami'an PIDE kuwa akasarinsu hukunci mai sauƙi suka samu. Salgueiro Maia ya ƙi karɓar muƙamin siyasa, ya koma bariki. Ya nemi fanshon da ake ba waɗanda suka yi wa ƙasa hidima ta musamman, bai samu ba har ya mutu a 1992 yana da shekara 47. A wannan shekarar gwamnati ta ba tsofaffin sufetocin PIDE biyu irin wannan fansho.

Yau Delgado da Amália da Eusébio duk suna kwance a hubbaren gwarazan ƙasa a Lisbon. A 2007, shekara 33 bayan juyin, gidan talabijin na gwamnati, RTP, ya shirya gasa masu kallo su zaɓi ɗan Fotugal mafi girma a tarihi. A cikin goman ƙarshe akwai Vasco da Gama, akwai mawallafi Camões, akwai sarkin da ya kafa ƙasar. Jama'a suka yi ta bugo waya. Salazar ne ya zo na ɗaya, da kashi 41 cikin ɗari.